Labari Bakwai, Hannu Bakwai: Wa Ya Karanta Ɗan Kundin Zanen Nan?

Sadiya Gwallameji:
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da yamma na shiga wani shagon fotokwafi a bayan kasuwar Wunti a nan Bauchi don a buga mini aikin makaranta, sai idona ya kai kan wasu 'yan littattafai da aka jera a gefen kanta. Labaran zane ne, irin waɗanda ake ba da labari da hoto akwati-akwati. Shafi 48, baƙi da fari, an ninke takarda biyu an danne tsakiya. Labari bakwai ne a ciki, kowanne hannun mutum daban. Mai shagon ya ce wasu matasa ne suka yi karo-karo suka buga abinsu, babu kamfani, babu mai ɗaukar nauyi. Na ba da dubu ɗaya na ɗauka, kuma ban ɗago kai ba sai da mai Keke ya ce mun iso.

Wanda ya kama ni shi ne na tsohuwa mai tuyar masa. Shafi shida, babu kalma ko ɗaya. Asuba ta yi, ta hura wuta, ta shafa mai a tanda, jikarta na gefe tana gyangyaɗi. Kullum haka, sai dai kowane shafi za ka ga bayan tsohuwar ya ƙara ranƙwafawa. A shafin ƙarshe tandar tana nan, wutar tana nan, amma hannun da ke juya masar na yarinyar ne, kuma 'yar kujerar tsohuwar babu kowa a kai. Ba wanda ya ce mini ta rasu. Ni na faɗa wa kaina. Akwai wanda ya karanta a cikinmu?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Na saya makon jiya, Khalifa ne ya matsa mini. Ƙanwata, gaskiya ɗaya ce: labari biyu ne masu kyau a ciki, na masar nan da na giwar Yankari da ta shiga gonar dawa. Sauran biyar ɗin cikon benci ne. Dubi na 'yan makarantar kwana, hannuwan mutanen ciki kamar cokali mai yatsu. Ni ɗan kasuwa ne a Muda Lawal. In na sayi kwandon tumatir na tarar fiye da rabi ya lalace, an cuce ni. Me ya hana a bar gwanayen nan biyu su cika littafin?

Jamilu Yelwa:
Haba Yaya, har da na jarumin da ke tashi sama ta kan Ƙofar Ran? Ai shi ya fi kowanne kyan zane.

Baban Khalifa:
Shi ma. Ana cikin faɗa sai na ga an rubuta "za mu ci gaba". Yaushe? A ina?

Malam Ɗahiru:
Baban Khalifa, ina ganin kwatancen tumatir bai hau ba. Wannan ciyayya ce. Lokacin da muke yara a cikin gari, bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gida, a jera, a zauna. Wani gidan miyarsu ta ji daddawa, wani gidan sai dai ka ci don kara. Amma ba a taɓa cewa gida biyun da suka fi iya girki su kaɗai za su riƙa fitowa ba. A wurin ne kake sanin hannun kowane gida, kuma a wurin ne amaryar da ba ta iya ba take jin labarin yadda kwanonta ya dawo, ta gyara.

Ni na fara karanta labarin hoto tun ina firamare, wajen ƙarshen shekarun 1960. Akwai wata mujalla mai suna African Film, labarin wani jami'in bincike Lance Spearman. Ba zane ba ne, hotunan mutane ne na gaske aka jera aka sa musu magana da Turanci. Ɗaya za a saya, ta zaga unguwa har bangonta ya fita. Daga baya Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a Legas a 1976. Duk mun karanta, duk mun ji daɗi, amma ban taɓa ganin ƙofar gidanmu a ciki ba. Shekaranjiya jikana ya kawo mini wannan ɗan littafin, na buɗe na ga ganuwa, na ga hular zanna an karya ta yadda muke karyawa, na ga buta a bakin masallaci. Na daɗe ina kallon butar nan.

Sadiya Gwallameji:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin da na kasa faɗa ke nan. Da littafin mai masar ne shi kaɗai, da zan saya don masar. Amma yanzu na shiga don abu ɗaya na fito da sunaye bakwai a kaina. Na Geji ma, da farko na tsallake shi saboda zanen ya yi duhu, da dare na koma na ga ashe shi ne mai zurfi.

Maman Husna (Azare):
Wane ne na Geji? Mu nan bai iso ba, labari kawai muke ji.

Sadiya Gwallameji:
Anti, kin san zanen dutsen nan na Geji a ƙasar Toro, wanda mutanen zamanin da suka yi a jikin duwatsu. To wani yaro makiyayi ne ruwa ya tare shi ya fake a wurin, da dare dabbobin da ke jikin dutsen suka sauko suka shiga cikin shanunsa. Mai zanen ya yi su da siraran layuka irin na dutsen, shanun yaron kuma ya yi su cike da tsoka, don haka ko sun cakuɗa kana gane wace ce ta yau wace ce ta da.

Jamilu Yelwa:
Ni dai ina nan kan maganar "za mu ci gaba". Ba laifi ba ne. Haka ake yi a Japan. Mujallar Shonen Jump tun 1968 take fitowa, masu zane da yawa ne a cikin fitowa ɗaya, kowa ya ba da babi guda, a kan takarda mai araha. Masu karatu suna aika katin zaɓe su faɗi waɗanda suka fi so, wanda ya daɗe a ƙasa a dakatar da shi. Manyan labaran da muke kallo a waya da yawansu daga can suka taso.

Malam Ɗahiru:
Jamilu, sau nawa take fitowa?

Jamilu Yelwa:
Duk mako, Baba.

Malam Ɗahiru:
To ka gani. Wanda ya ce maka "sai mako mai zuwa" kuma ya zo, ya cika alkawari. Yaran nan da aljihunsu suke bugawa. Fitowa ta biyu wataƙila bayan wata shida, wataƙila sai an yi girbi. A irin wannan kundin, kowa ya rufe labarinsa kafin shafinsa ya ƙare. A nan kam ina bayan Baban Khalifa.

Auwal Mai Zane:
Salamu alaikum. Shekara goma sha ɗaya ina rubutun allon shago da bayan mota, don haka bari in sa baki. Jamilu, yaron da ya yi jarumin nan yana da hannu, ba musu. Matsalata da shi ido. Fuskokin nan ba a Bauchi ya gan su ba, a waya ya gan su: ido kamar faranti, haɓa kamar tsinin wuƙa, gashi tsaye. Ya sa wa mutum babbar riga amma ba ta da nauyi, tana tashi kamar gyale. Duk wanda ya taɓa saɓa babbar riga ya san shadda tana da taurinta, inda take karyewa daban ne. Mai labarin giwa bai kai shi iya layi ba, amma ya zauna ya kalli manomi. Dubi yadda mutumin ya tsuguna a gaban karan dawar da aka tattake, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Wannan ba a koyonsa a bidiyo.

Sai abin da ya fi ci mini rai. An naushi mutum a gaban Ƙofar Ran, sai ga BOOM da manyan baƙaƙe. Don Allah wane harshe ne ya kai Hausa arzikin amon abu? Mutum ya faɗi, tim. Ya faɗa ruwa, tsundum. An rufe ƙofa, garam. Mari, tas. Ya wuce, fuu. Ya miƙe, zumbur. Ya cafke, caraf. Icce ya karye, ɓas. Kaka tana tatsuniya da waɗannan take sa mu zabura, ba ta da hoto ko ɗaya. Mu da muke da hoto kuma sai mu je aro?

Jamilu Yelwa:
Wannan kam na sallama, Oga Auwal. Su ma 'yan Japan ɗin da nasu harshen suke rubuta ƙarar, har su mayar da ita wani ɓangare na zanen.

Maman Husna (Azare):
Caraf! Wallahi yara 'yan aji uku za su haddace wannan kafin su haddace jadawalin sau. Ni abin da nake nema ke nan. Ina da yaran da in na ba su shafi cike da rubutu sai su sunkuyar da kai, amma in akwai hoto suna bin sa da yatsa har su kai ga kalmar.

Nura Firinta:
Ni ba a shagonmu aka buga ba, amma na ga kwafi, bari in yi bayanin wasu abubuwa da ake ɗora wa masu zanen alhali laifin inji ne. Duhun labarin Geji da Sadiya ta faɗa, yaron ya cika baƙi da yawa, injin fotokwafi kuma ba ya son faffaɗan baƙi, sai ya fito dabbare-dabbare. Na makarantar kwana kuma da fensir aka bar wasu wurare ba a bi da tawada ba, shi ya sa fuskoki suka dushe. Duk mai son shiga irin wannan ya bi zanensa da baƙar tawada, ya goge fensirin, ya bar fili a gefe don kada a yanke masa magana.

Shafi 48 ɗin ma ba haka kawai ba ne. Takarda ɗaya in ka ninke ta biyu shafi huɗu take ba ka, don haka dole adadin ya rabu da huɗu. Takarda 12 ke nan kowane kwafi. In wani ya ƙara shafi ɗaya, sai an nemo uku. Shi ya sa kuka ga barkwancin Bafulatani da Babarbare mai shafi ɗaya a ƙarshe, ina kyautata zaton cike gurbi aka yi da shi.

Kuma na yaba da suka rubuta maganganun da hannu. Yawancin salon rubutun kwamfuta masu ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka buga "ƙofa" ya fito maka da ɗan akwati a madadin harafin, ko a cire lanƙwasar a bar mai karatu ya yi ta lalube.

Ustaz Kabiru:
Ina bin ku tun ɗazu. Akwai tambayar da na san tana zuciyar wasu ba su furta ba, wato hukuncin zana mai rai. Kada a yi kamar babu ita. Akwai hadisai ingantattu masu tsoratarwa game da masu yin sura, kuma akwai malaman da suka ɗauke su a kan kowane irin zanen mai rai. Abin da ya shahara a wurin Malikiyya kuwa shi ne haramcin yana kan sura cikakkiya mai inuwa, irin mutum-mutumi. Wadda take shimfiɗe a takarda ko ƙyalle ba su kai ta haram ba, sun tsaya a karhanci ko barinta ya fi. Saɓani ne na malamai tun da daɗewa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, kada kuma ya zagi wanda ya bi ɗaya fahimtar. Ni na duba littafin, ban ga tsiraici ko batsa ba.

Sadiya Gwallameji:
Allah ya saka da alheri Ustaz. Mahaifiyata ma ta yi mini wannan tambayar.

Maman Husna (Azare):
To wani ya ɗauki hoton shafukan ya turo mana mana, mu na nesa mu ma mu gani.

Auwal Mai Zane:
Hajiya, a yi haƙuri, kada a yi haka. In ya shiga waya yau, gobe yana kowane zaure, sauran kwafin kuma su yi ƙura a kanta. Comic Republic ta Legas, wadda Jide Martin ya kafa a 2013, ta saki nata kyauta a intanet, amma ita ta zaɓi hakan, kuma kamfani ce mai wasu hanyoyin samun kuɗi. Waɗannan kuɗin abincinsu suka zuba. Motar Azare kullum tana tashi, a ba direba saƙo.

Baban Khalifa:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya kare mini na makarantar kwanan nan. Ko a ciyayya akwai kwanon da ake mayarwa yadda ya zo.

Zainab A.:
Assalamu alaikum. Na daɗe a zauren nan ban taɓa magana ba. Ni na zana na makarantar kwana.

Baban Khalifa, maganarka a kan hannuwa gaskiya ce. Hannu yana ba ni wuya, na sani, kuma fensirin da Malam Nura ya faɗa ni ce ban bi da tawada ba saboda lokaci ya ƙure mana. Amma ina so ku san yadda abin ya kasance. Mu bakwai ne, ba wanda zai iya cika shafi 48 shi kaɗai, ba kuma wanda zai iya biyan kuɗin bugu shi kaɗai. Shafi shida kam zan iya. Wata biyu na yi a kansu, da dare bayan na gama aikin gida. Kwafi ɗari muka buga. Mai labarin masar da kuke yabo, shi ma wannan ne karo na farko da wani wanda ba ɗan gidansu ba ya ga zanensa. Da an ce sai gwanaye, ba wanda zai san shi gwani ne, har shi kansa.

Labarin kuma nawa ne. Ni ce ƙaramar da aka ɗauke wa dutsen bokiti.

Maman Husna (Azare):
Allah sarki. Zainab, ba ni labarin, tunda ban gani ba.

Zainab A.:
Anti, layin ɗibar ruwa ne kafin asuba. Ba mutane ke bin layi ba, bokitai ne, kowacce ta rubuta sunanta da fenti ta sa dutse a ciki don kada iska ta ɗauka. Wata babba ta zo ta cire dutsen 'yar aji ɗaya ta sa a nata. Yarinyar ba ta iya magana ba. Washegari sai ta tarar 'yan ajinsu duka sun ɗaure bokitansu da igiya ɗaya, ba a iya cire ɗaya sai an ja ashirin.

Maman Husna (Azare):
Dutse a cikin bokiti! Wallahi haka muka yi. Shekara ashirin da wani abu ban tuna da wannan ba.

Baban Khalifa:
Zainab, ki yi haƙuri da kalmar cokali, ban san kina nan ba, kuma ko ba kya nan bai kamata ba. Yanzu na ɗauko littafin daga ɗakin yara na sake dubawa. Igiyar nan ban lura da ita ba sam a karon farko, na yi ta kallon yatsu na wuce. Na tambayi Maman Khalifa, ta ce ita tun ranar ta gani, naki ne ma ta fi so a duka bakwai ɗin. Ina nan kan cewa hannuwan suna son gyara.

Zainab A.:
Suna so, Yaya. Na gode da ka koma ka duba.

Malam Ɗahiru:
Abin da ya faru da Baban Khalifa yana faruwa da yawancinmu. Mun saba da karatun rubutu, sai mu bi magana mu tsallake hoto, mu gama shafi 48 kafin shayi ya huce. Labarin zane ana karanta shi sau biyu ne. Na farko don ka san me ya faru. Na biyu ka tsaya a kowane akwati ka duba kusurwoyi, ka kuma tambayi kanka me ya faru a ɗan farin filin da ke tsakanin wannan akwati da na gaba. Rasuwar tsohuwa mai masa a wannan filin take, ba a zana ta ba.

'Yata Zainab, kada ƙanƙantar abin ta karya miki gwiwa. A Alƙahira wasu matasa masu zane sun haɗu sun fitar da mujallarsu a watan Janairun 2011, suka sa mata suna TokTok, wato Keke Napep ɗin can, suka rubuta ta da Larabcin kan titi, ba na littafi ba. A Amurka, labarin Maus na Art Spiegelman babi-babi ya riƙa fitowa a cikin wata mujallar haɗaka mai suna RAW da shi da matarsa suka fara a 1980, kafin ya zama littafin da ya samu kyautar Pulitzer a 1992. Kusa da mu kuma, matasan kamfanin Kugali da kundin labaran zanen Afirka aka fara saninsu, su ne suka zo suka yi fim ɗin zane mai suna Iwájú tare da Disney a 2024.

Sadiya Gwallameji:
Baba, maganar Larabcin kan titi ta tuna mini. A labarin mai Keke da jakar da aka manta, mutanen ciki Hausarmu ta Bauchi suke yi, "motan nan", "rigan nan". Wata ƙawata 'yar Kano ta ce kuskure ne.

Malam Ɗahiru:
Shekara talatin ina jan jan biro a kan irin wannan a takardar jarrabawa, kuma da zan koma aji gobe zan sake ja. Amma abin da ke fitowa daga bakin mai Keke a tashar Wunti ba jarrabawa ba ce. Bayanin mai ba da labari a yi shi da daidaitacciyar Hausa, maganar mutane a bar musu bakinsu.

Auwal Mai Zane:
Zainab, maganar hannu. Kada ki fara da yatsu. Fara da tafin, ki yi shi kamar ɗan akwatin ashana, sannan babban yatsa daga gefe, sauran huɗun ki ɗauke su abu ɗaya kafin ki raba. Ki ajiye hannunki na hagu a kan tebur ki zana shi sau biyar kullum, riƙe da cokali, riƙe da igiya, riƙe da bakin bokiti. Ranar Asabar bayan la'asar ina shago, ki zo da yayanki ko wata ƙawarki, ku taho da mai jarumin nan ma, akwai babbar rigar da zan rataya masa ya zana.

Zainab A.:
In sha Allahu za mu zo. Zan gaya masa yau.

Maman Husna (Azare):
Kwafi nawa ya rage? Ina son goma don ajina.

Zainab A.:
Ashirin da uku ne a hannunmu, Anti, sai 'yan waɗanda ke shagon Wunti.

Baban Khalifa:
A ware wa Hajiya goma, ni zan kai tasha gobe da safe, akwai direban Azare da nake ba saƙo. Sauran sha ukun a kawo mini Muda Lawal in ajiye a gaban shago. Zainab, na biyun yaushe ne?

Zainab A.:
Sai mun mayar da kuɗin wannan, Yaya. Amma na riga na fara nawa. Shafi takwas ne wannan karon.